Gwaggo Ta Rasu, Amma Ban Daina Gardama Da Ita Ba

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, shekaruna 33, ina koyarwa a firamare, 'ya'yana uku. Ina shekara biyar iyayena suka rabu, Baba ya ɗauke ni ya kai wa yayarsa riƙo, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Innata ta sake aure a Daura, sai a shekara ban sa ta a ido ba. Gwaggo ta riƙe ni da zafi. Tun ina aji ɗaya nake talla, waina da safe, gyaɗa da yamma, in kuɗi bai cika ba in sha duka. Maganar da ta fi yi mini ita ce, "Uwarki ma ta gaji da ke." Amma kuma ita ce ta tsaya kai da fata na yi karatu lokacin da Baba ya so aurar da ni, har awakinta ta sayar na shiga kwalejin ilimi, kuma ita ta yi mini kayan ɗaki.

Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Da jikin ya tsananta an aiko mini ran Laraba, na ce sai Juma'a in na taso daga makaranta, ta cika ran Alhamis da dare. A gidan rasuwa aka ce a yafe mata, na ce na yafe duniya da lahira. Tun daga nan ban samu kaina ba. Cikin dare sai in farka in yi ta gardama da ita a zuciya, maƙogwarona ya toshe, ƙirjina ya yi nauyi. An auna ni a asibiti an ce ba komai sai olsa. Abin da ya fi tsorata ni, kwanan baya babbar 'yata ta zubar da manja, na ji bakina ya yaɓa mata magana da irin muryar Gwaggo, na kuma mare ta.

Wata ƙawata da ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam ta ba ni labarin wata hanyar jinya da ake kira Geshtalt. Ta ce in ajiye kujera in ɗauka Gwaggo ce a kai, in faɗa mata abin da ke raina, sannan in koma kan kujerar in ba da amsa a matsayinta. Na gwada ni kaɗai a ɗaki. Kuka ya ƙwace mini, ina cikin haka maigidana ya shigo ya same ni a kan kujerar ina magana kamar Gwaggo. Ya ce iska ce, ya gaya wa mahaifiyarsa, yanzu maganar kai ni wajen mai ruƙiyya ake yi. Malama, shirka na yi? Ko taɓuwa na fara? Kuma ba butulci ba ne in ji haushin wadda ta raine ni alhali tana kabari?

Daga wata 'yar'uwa a Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Gwaggo ya gafarta mata, ke kuma ya yaye miki wannan nauyi. Zan fara da tambayarki ta biyu, don na san ita ke cin ki tun ranar da maigidanki ya turo ƙofar nan. A cikin abin da kika rubuta ban ga alamar taɓin hankali ba. Kin san Gwaggo ta rasu, kin san kujera kujera ce, ke kika jawo ta da hannunki, kuma kin san maganar da ta fito taki ce ko da da salon Gwaggo ta fito. Wanda ya tashi a hannun mutum ba sai da iska zai iya kwaikwayon muryarsa ba. Yaran ajinki ma suna kwaikwayon taki in kin ba da baya. Abin da likitoci ke tsoro daban ne: mutum ya riƙa jin murya da kunnensa alhali ba kowa a wurin, ko ya gaskata mamacin na ba shi umarni, ko ya kwana uku huɗu ba barci kuma ba gajiya. In kin taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kada ki jira komai, ki gaya wa maigidanki ko wani naki ku tafi asibiti a ranar.

Shirka kuwa, abin da muka taso muka sani shi ne kiran wanin Allah da roƙonsa abin da Allah kaɗai ke bayarwa. Ke ba ki roƙi Gwaggo komai ba, ba ki ƙudurta tana jin ki ko tana iya amfanar ki ba. Cikinki kika zazzage a gaban abin da ya taimake ki tuna ta. Haka nake kallon abin. Amma fatawa ta malamai ce, kuma ina so ku kai tambayar ke da maigidanki tare, ki bayyana abin da kika yi daki-daki da bakinki, kada wani ya riga ki ya kai labarin cewa kina kiran matattu. In bayan haka ranki bai kwanta da kujerar ba, ki bar ta. Kayan aiki ce kawai, kuma akwai wasu.

Sai maganar butulci, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a ganina nan ciwon yake. Akwai matar da ta ɗora wa yarinya 'yar aji ɗaya faranti a ka da sanyin safiya, ta doke ta a kan ciniki, ta soka mata maganar uwa a inda ya fi zafi. Akwai kuma matar da ta tsaya a gaban ƙanenta ta ce ba za a cire yarinyar nan daga makaranta ba, ta kora awakinta kasuwa. Duk Gwaggo ce, kuma duk sun faru. Ɗaya kawai aka ba ki izinin faɗa. Tana raye kunya da kawaici sun rufe miki baki, da ta rasu kuma aka ce ba a tonon asirin mamaci. Ranar rasuwa aka tambaye ki cikin mutane, ko gawa ba a ɗauka ba. Wa zai ce bai yafe ba a wannan wuri? Na yarda da gaske kika faɗa, Allah ya ba ki ladan. Sai dai yafiyarki ta sauke mata haƙƙinki ne, ba ta goge abin da yarinyar nan ta ji ba. Butulu shi ne mai musun alheri. Ke ko a wasiƙar da kika kawo kuka sai da kika lissafa awaki da kayan ɗaki.

Hanyar da ƙawarki ta ambata tana da asali, kuma in za ki duba a intanet Gestalt ake rubutawa. Wani likitan ƙwaƙwalwa da aka haifa a Balin ta Jamus a 1893, Fritz Perls, shi da matarsa Laura, masaniyar halayyar ɗan Adam, su ne suka assasa ta. Yahudawa ne, suka gudu daga Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki, suka zauna a Johannesburg ta Afirka ta Kudu fiye da shekara goma kafin su koma New York. A can ne a 1951 Fritz da Paul Goodman da Ralph Hefferline suka fitar da littafin da ya zama tushen hanyar, aka kuma kafa cibiyar farko ta koyar da ita a 1952. Da fari Fritz da Laura a tafarkin Sigmund Freud, likitan da ya assasa jinyar nazarin tunani, suka yi karatu, inda ake shekaru ana tonon ƙuruciya ana neman dalili. Su sai suka ce sanin dalili shi kaɗai ba ya warkarwa. Kin san dalilin ciwonki tun tuni, ga shi kin rubuta mini shi tsaf, amma maƙogwaron bai buɗe ba. Abin da suka fi mai da hankali a kai shi ne abin da ke faruwa da mutum yanzu, a jikinsa da numfashinsa da muryarsa, da kuma yadda yake tare kansa duk sanda maganar ta taso.

Ginshiƙin tunaninsu a kan irin matsalarki shi ne abin da aka fara ba a ƙarasa ba. A 1927, a Balin ɗin dai, wata mai bincike, Bluma Zeigarnik, ta riƙa ba mutane ƙananan ayyuka, wasu ta bari su gama, wasu ta katse su a tsakiya. Da aka tambaye su daga baya, sun fi tuna waɗanda aka katse. Masu binciken da suka biyo baya ba kullum suka samu wannan sakamako ba, amma sun sha ganin cewa mutum yana da jan komawa ga aikin da aka katse shi. Perls ya ɗauki wannan ya kai shi cikin zuciya: buƙatar da ta taso ba ta samu biya ba, ko maganar da ta zo baki aka haɗiye, ba ta mutuwa don shekaru sun wuce, dawowa take yi ta nemi a ƙarasa ta. Ke biyu gare ki. Akwai maganar yarinya mai talla da ba ta taɓa samun kunnen da zai ji ta ba, akwai kuma sallamar da ba ku yi ba. A kan ta biyun, ran Laraba ba ki san Alhamis ce ranarta ba, ba wanda ya sani. Ko da a ce a can ƙasan ranki akwai ɗan jan ƙafa a ciki, don zuwa gidan bai taɓa yi miki sauƙi ba, wannan ma abin faɗa ne a nemi gafara a kai, ba abin binnewa ba. Ba shi ya kawo ajali ba.

Irin abin da ya faru ranar manja ma Fritz da Laura sun yi magana a kansa. A littafinsu na farko da ya fito a Afirka ta Kudu a 1942, wanda ya samo asali daga abin da Laura ta lura da shi wajen shayar da 'ya'yanta da yaye su, sun kwatanta maganar manya da abinci. Yaro ba shi da haƙoran tauna abin da aka faɗa masa, haɗiyewa yake yi ɗungurungum, sai ya zauna masa a ciki kamar ganda da ba a tauna ba, bai narke ya zama jiki ba, bai kuma fita ba. "Uwarki ma ta gaji da ke" kin haɗiye ta kina 'yar shida. Yanzu kina 33, kina da abin taunawa. Gaskiya ce? Ke kin san yadda ake yi a garuruwanmu: in aure ya mutu uba ke ɗaukar ɗa, uwa ta yi kukanta a ɗakin iyayenta, in ta sake aure kuma sai da izinin wani za ta taka ƙofar gida. Mai yiwuwa Gwaggo ta faɗi wannan magana ne don tsoron kada ki fi son wadda ta haife ki, tsoron matar da ba ta da nata. Wannan bai mai da maganar daidai ba. Amma muddin ba ki dube ta da idon girma ba, za ta ci gaba da fitowa yadda ta shiga, kuma a kan wanda ya fi kusa ya fi rauni za ta sauka. Fushin da bai samu ƙofa ba kuma, a fahimtarsu, kan mai shi yake juyowa: a cije haƙora, a riƙe numfashi, wuya ya sanƙare. Kada dai wannan ya sa ki ajiye maganin olsa. Olsa ciwo ne na gaske, galibi ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko yawan shan magungunan kashe zafin ciwo, ki bi abin da likita ya rubuta.

To kujerar tana aiki? Perls aro ta ya yi daga Jacob Moreno, mai jinya ta hanyar wasan kwaikwayo, kuma an jima ana amfani da ita ba tare da an auna ta da kyau ba. Wanda ya fi kowa bin diddiginta shi ne Leslie Greenberg na Jami'ar York da ke Toronto a Kanada. A 1995 shi da Sandra Paivio suka raba mutum 34 masu irin damuwarki gida biyu: wasu aka yi musu jinya da kujera wajen zama 12 tare da ƙwararre, wasu aka riƙa yi musu darasi a kan matsalar a rukuni. Na kujerar sun fi samun sauƙi, kuma sauƙin yana nan da aka sake duba su bayan shekara. Mutum 34 ba su da yawa, kuma hujjojin da aka tara wa Geshtalt gaba ɗaya ba su kai na wasu hanyoyin jinyar magana ba, don haka kada kowa ya sayar miki da ita a matsayin sha yanzu magani yanzu. Amma abin da suka gano game da yadda sauƙin ke zuwa ya dace da ke ƙwarai. Mutum kan fara da zargi da mita, komai a cakuɗe. Mai jinya ya taimake shi ya ware fushi daban, baƙin ciki daban, ya faɗi kowanne har ƙarshensa. Daga nan sai a kai ga abin da ya rasa, wanda a wajenki ina jin ba zai wuce a ce miki "'yata" da murya mai sanyi ba. Waɗanda suka kai ga furta wannan buƙata, har kallon da suke yi wa wanda ya ɓata musu ya sauya, su suka fi warkewa. Wasu sun ƙare da fahimtarsa da yafe masa, wasu sun ƙare da cewa ka yi laifi, laifin naka ne ba nawa ba, na daina jiran abin da ba za ka ba ni ba. Duka biyun an lissafa su a warwarewa.

Kin lura a duk wannan akwai mutum na uku a ɗakin. Shi ke duban numfashinki, ya ce dakata a nan, ya san lokacin da za ki sauya wuri da lokacin da za ki dawo ki sha ruwa. Ƙwararre ba ya jawo kujera a zaman farko, sai an saba, sai ya ga kina da inda za ki dafa. Laura ta yi ta nanata cewa ba a tunkarar abu mai zafi sai da madogara, shi kansa Fritz a 1969 ya yi gargaɗi a kan masu ɗaukar dabarun su kaɗai suna neman sakamakon nan take, ko da yake shi ma ya ba da ƙofa da irin nune-nunen da ya riƙa yi a gaban taro a Kalifoniya. Wuri mafi haɗari shi ne inda maigidanki ya same ki, wato zama a matsayin wadda ta cutar da ke. In ba mai tsayar da ke, kina iya maimaita wa kanki maganganun nan ki tashi da sabon rauni. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta yi, kuma ta gane ciwonki daidai, amma karanta abu a aji daban, horon jinya daban. Kada ki sake yin kujerar ke kaɗai.

Shi kuma maigidanki, ki tsaya inda ya tsaya ki duba. Mutum ya shigo ɗakinsa ya tarar da matarsa tana kuka, ta sauya murya, tana magana da bakin tsohuwar da aka binne shekara biyu da suka wuce. A ƙasar Hausa wane suna zai fara zuwa masa? Tsoro ne ya kama shi, kuma wanda bai damu da ke ba da ya ja ƙofa ya fita abinsa. Inda ya gaza shi ne kai wa Hajiya magana kafin ya zauna ya tambaye ki. Ina kuma zargin bai san rabin abin da kika rubuto mini ba. Da yawa daga cikinmu mukan yi shekara goma da miji bai san irin riƙon da aka yi mana ba, don kada a ce mun tona asirin gida. Ki zaɓi dare, yara sun yi barci, ba ranar da aka yi cacar baki ba. Kada ki fara da Geshtalt ko sunan wani Bature, ki fara da talla da duka da ran Laraba. Ki ce masa, "Abin da ka gani ni ce, da hankalina, ina ƙoƙarin fitar da abin da ya daɗe yana cina. Na yi shi ba yadda ya kamata ba, ina so ka raka ni inda za a yi shi daidai." In baki ya ƙi buɗuwa, ki miƙa masa wannan shafi ya karanta. Hajiya kuwa ki bar masa ita, shi ya kai maganar, shi zai gyara ta. Ba sai ta ji tarihin Gwaggo ba, ya isa ta san damuwa ce ta rashi kuma ana neman magani.

Ban ga dalilin da za ki mai da ruƙiyya filin daga ba. Karatun Alƙur'ani da addu'a ba sa cin karo da ganin likita, kina iya yi wa kanki safe da yamma, shi ma ya yi miki. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne duka, ko hayaƙin da ke shaƙe mutum, ko a tsare ki har sai kin amsa wani suna don a ƙyale ki. Wadda aka raina da bulala, ba a sake kai ta gaban bulala da sunan magani. Ki ce kin yarda da karatu a gida a gabansa, shi kuma ya yarda da asibiti. Ku fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ku nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. In kina gudun idon sani, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai na ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Likita zai duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin wannan rashin barci, ko kuma baƙin cikin rashi da ya zarce, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ki nemi a haɗa ki da masanin halayya mai jinya da magana. Kada ki kafe sai mai takardar Geshtalt, domin masu bin wasu hanyoyin ma suna aiki da kujera, wasu kuma da rubutu. Ki faɗa masa abin da kika gwada da abin da ya biyo baya, in kin fi sakewa da mace ki faɗa tun farko.

Kafin ki samu ganin likita akwai abin da za ki iya ba tare da haɗari ba. Shekara biyu kina ba kanki umarni: ki yi haƙuri, ki manta, ki ji kunya. Perls ya ce a cikin mutum akwai murya mai umarni da wata mai cewa "to" amma ba ta yi, kuma za su iya ƙare rayuwa suna wannan ja-in-ja. Wani almajirinsa, Arnold Beisser, likitan da shan inna ya kwantar yana saurayi, ya rubuta a 1970 cewa mutum yana canjawa ne in ya yarda ya tsaya a inda yake ya ga abin da ke akwai, ba in yana tilasta wa kansa zama wani ba. Don haka in kin farka cikin dare, maimakon shiga gardamar ko korar ta, ki tashi zaune, ƙafa a ƙasa, ki duba ina ne ya ɗaure, wuya ko ƙirji ko muƙamuƙi. Ki saki numfashi a hankali, ki faɗa a ranki a sarari: ina jin haushi yanzu, ko ina kewarta yanzu, ko duka biyun. Minti biyar ya isa. In ya yi yawa ki buɗe ido, ki kunna fitila, ki yi alwala.

Da rana kuma, ba da dare ba, kina iya ɗaukar takarda ki rubuta abin da kika so ta sani, zafin da godiyar duka, ki tsaya in kin ji ya isa, ki ajiye inda yara ba za su gani ba ko ki yaga. In rubutawa gare ta ma yana damun ki ta fuskar addini, ki kai ƙarar inda Annabi Yaƙubu ya kai tasa, da ya ce a Suratu Yusuf yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne kawai, bayan idanunsa sun yi fari don baƙin ciki. A sujada ba abin da ba za ki iya faɗa da sunansa ba, har da duka, har da ran Laraba. Sallamar da ta wuce ki kuma tana da madadi. Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ke ce mai yi mata addu'a da sadaka. Ki biya wa wata yarinya mai talla a unguwarku kuɗin littattafai da niyyar ladan ya kai mata, in kina da hali. Amma ki yi shi don kina so, ba don ki toshe bakin haushin ba.

'Yarki kada ta jira sai kin warke. Ki kira ta gefe ki ce, "Ranar nan na yi miki abin da bai dace ba, manja bai kai a mare ki ba, kuma abin da na faɗa ba gaskiya ba ne." Girmanki ba zai ragu ba. In kin ji zafin nan ya taso kina tare da su, ki fita tsakar gida ki wanke fuska kafin ki buɗe baki, ki kuma roƙi babansu ya karɓi hukunci a hannunki na ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe, kuma ki auna shi da kanki. A duk wasiƙarki Inna layi ɗaya ta samu. Gwaggo ba ita ta raba ki da uwa ba, kawo mata ke aka yi, kuma waɗanda aka yi abin a gabansu watakila suna raye. Ba ina cewa ki je ki titsiye Baba ba. Akwai wani salo na Perls a ƙarshen rayuwarsa, na kowa ya yi ta kansa ya faɗi abin da ke ransa ko wa zai ɓata wa, wanda ko mabiyansa na baya sun ja da baya daga gare shi, balle mu da zumunci ke ɗaure da wuyanmu. Amma Daura ba ta kai tafiyar awa biyu ba daga Katsina. In Inna na nan, bayan kin fara ganin mai jinya kin ɗan samu ƙarfi, ki je mata kwana ɗaya ba tare da yara ba, ki tambaye ta yadda aka yi ranar da aka ɗauke ki. Tana iya ba ki labarin da zai rushe maganar Gwaggo, tana iya yin shiru don kunyar ɗan fari ko don nata ciwon, saboda haka ki shirya wa kowanne, kuma ki tattauna tafiyar da mai jinyarki kafin ki hau mota.

In maigidanki ya ƙi maganar asibiti bayan kun yi magana, kada ki fita a ɓoye. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarku, ki kuma koma wajen likitan da ya duba ki kan olsa ki gaya masa rashin barcin, shi ya rubuta takardar tura ki. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da malamin da kuma asibitin. Allah ya ba ki lafiya.